Shaidar Uwar Ɗan Fari

Ames, Amurka
9 ga Yuni, 2000

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Maijidda,

Assalamu alaikum, Dada. Ina fatan kina lafiya, ke da ƙanwata Hadiyya da maigidanta da duk mutanen Takur. Yaya gwiwar? Yaya 'yan matan makarantar da kike kula da ɗakin kwanansu? Mu nan lafiya lau. Matata Radiyya tana gaishe ki, ta ce kuka da daddawar sun iso.

Dada, wata bukata ce ta sa na rubuto. Izinin zamana a ƙasar nan zai ƙare a watan Disamba. Aikin da nake yi kuwa, na allurar rigakafin ciwon huhun shanu wadda zafin rana ba zai lalata ba, saura kamar shekara uku ya kammala. In na tafi yanzu, za a rufe shi a inda ya tsaya.

Hanya ɗaya ce ta rage. Gwamnatin nan tana ba da katin zama na dindindin ga mutumin da ya nuna ya yi fice a fanninsa fiye da yawancin takwarorinsa na duniya. Na nema tun watan Janairu, farfesoshi bakwai daga ƙasashe huɗu suka rubuto wasiƙu a kaina. Jiya amsa ta zo. Ba su ƙi ba, ba su kuma yarda ba. Sun ce sun ga rubuce-rubucena, amma ina shaidar cewa katin gwajin da na ƙirƙiro ya amfani wani a wajen ɗakin bincike? Sun ba ni zuwa 31 ga Agusta.

Kin tuna katin. Shi ne wanda ake ɗiga masa jinin saniya, in jinin ya yi guda-guda to tana ɗauke da cutar, ko da tana kiwo lafiya. Ni da marigayi Baba muka zaga da shi rugagen Kafin Hausa da Taura a 1995. Lauyata ta ce tana bukatar rubutacciyar shaida daga makiyayan da abin ya amfana, da babban likitan dabbobi na jiha, da duk jaridar da ta taɓa buga labarin.

Baba ya rasu. Babu wanda Ardo Idirisu zai saurara kan maganar takarda sai ke, tunda taubashinki ne. In ya sa hannu, sauran za su sa. Na san gwiwarki, na san damina ce. Da akwai wani, da ban ɗora miki ba.

Ɗanki,
Ikrima Bubayero

Takur, Dutse
2 ga Yuli, 2000

Zuwa ga Yayan Hadiyya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwa tana nan yadda ka san ta. Ruwa ya sauka sosai, gero ya kai gwiwa. Ka gaishe da Radiyya, ka ce mata daddawa ba a barin ta a leda. Ban ga inda ka ambaci sallar Juma'a ba a takardarka, ina fatan mantuwa ce ta alƙalami.

Na karanta takardarka sau uku, na kuma sa Hadiyya ta karanta mini da ƙarfi, ko idona ne yake yi mini ƙarya. Wato ka zauna ka rubuta wa hukuma cewa ka fi mutane. Bai ishe ka ba, ka sa dattawa bakwai sun rubuta haka. Shi ma bai ishe ka ba, yanzu ni kake so in ɗaura zani in bi ruga-ruga ina roƙon a yaba ka.

Mahaifinka ya yi shekara talatin da ɗaya yana malamin dabbobi. Wani bijimin sa ya karya masa haƙarƙari biyu a Ringim, ya yi jinya ya koma. Ban taɓa ji ya ce ya ceci saniya ko ɗaya ba. Cewa yake Allah ne ya kiyaye. Ni kuma kowace Asabar ina tsayawa gaban 'yan mata ɗari uku ina gaya musu cewa wadda ta zo ta ɗaya ta rufe bakinta, domin wanda ya ba ta yana iya karɓewa. Da wace fuska zan koma gabansu?

Sannan ka san matsayinka a wurina. Kai ne na fari. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yaba shi, in ana yabonsa ma tashi take ta bar wurin. Haka uwata ta yi wa yayanmu har ta koma ga Allah, kuma bai ragu da komai ba. Karatun sakandare da na yi bai cire mini kunya ba, ina fatan digiri uku ma bai cire maka ba.

Batun jaridu, Hadiyya takan hura gawayi da duk wadda ta samu a tsakar gida.

In mutanen nan ba su ga amfaninka ba sai an yi musu kirari, ka tattara ka dawo. Shanun da ke ciwo a nan suke.

Mahaifiyarka,
Maijidda

Ames, Amurka
22 ga Yuli, 2000

Dada,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jiki. Muna lafiya. Ina zuwa Juma'a, masallacinmu wani gida ne da ɗalibai suka gyara, wani lokaci ni nake jan salla.

Takardarki ta iso shekaranjiya. Na ji abin da kika ce, ba kuma zan yi jayayya da ke ba. Abu ɗaya kawai zan gyara. Ba kirari na nema ba. Cewa na yi wanda ya ga abu ya faɗi abin da ya gani. In shanun Ardo sun mutu a 1995, ya ce sun mutu.

Kin ce shanun da ke ciwo a gida suke. Gaskiya ne, shi ya sa nake nan Amurka. Allurar da ake yi musu yanzu, kafin ta bar firijin Dutse ta isa ruga a bayan babur ta zama ruwa. Baba ya sha dawowa gida yana faɗin haka. Injunan da za su gyara wannan babu su a gida tukuna.

Tun da aka yaye ni aka kai ni Ringim wurin Kaka. Shekarata talatin da shida, ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Adireshin bayan ambulan ma Hadiyya ce take rubutawa. Ranar da aka ba ni kyauta a sakandare, iyayen kowa sun zo, ke ban gan ki ba. Ban taɓa yin ƙorafi ba, domin na san al'ada ce. Sai dai a da ina ɗauka akwai wani abu a bayan shirun. Yanzu ban sani ba.

Na gaya wa lauyata ta aika da abin da ke hannunmu, ko da yake ta ce da wuya ya isa. Radiyya ta fara tambayar kuɗin jirgi. Ki yafe mini wahalar da na so ɗora miki.

Ikrima

Takur, Dutse
20 ga Agusta, 2000

Zuwa ga Yayan Hadiyya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ban da gwiwa, wadda ta kumbura kamar ƙwarya, kuma kai ne sanadi. Ka ce wa lauyarka ta dakata, kada ta aika komai sai ƙunshin nan ya iso. Gobe Hadiyya za ta kai shi Kano wurin masu saƙon gaggawa, sun ce kwana biyar.

Kada ka ɗauka takardarka ce ta juya ni. Takarda ce ta rashin kunya, kuma za mu yi maganarta. Abin da ya faru shi ne, tun da aka ƙaddamar da shari'a farkon watan nan, malaminmu na Islamiyya, Malam Ubaidullahi, yake karantar da mu babin shaida. Ya ce mutane suna tsoron shaidar zur, amma sun manta cewa ɓoye shaidar gaskiya lokacin da haƙƙin wani ya rataya a kanta shi ma laifi ne. Da aka tashi na tsaya. Na ce masa akwai wata mata da na sani, ɗanta na fari ya nemi kaza da kaza. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Hajiya, ki gaya wa matar nan kunya aba ce mai kyau, amma ba a biyan ta da haƙƙin wani. In kin ga ɗan nata kuma, ki ce ina gaishe da Dokta."

Ranar Lahadi muka shiga mota zuwa Kafin Hausa, ni da Hadiyya. Daga nan babu hanyar mota, ruwa ya cinye. Na hau babur. Ni da na kori yarinya gida na mako biyu saboda hawan babur. Kada ka gaya wa kowa.

Mun sami Ardo Idirisu a gindin tsamiya da maza kusan ashirin. Ka san bakinsa. Yana ganina ya ce, "Yau baiwata ta tuna da ubangidanta. Ko tuwon birni ne ya ƙare?" Na ce na zo duba ko har yanzu yana da haƙoran cin nama. Aka kawo nono, aka gaisa. Sai na fito da takarda na ce na zo kan maganar yaron nan da ya zo da kati shekara biyar da suka wuce.

Ya ce, "Wane yaro?"

Na ce, "Yaron Malam Bubayero."

Ya ce, "Malam Bubayero yana yawo da yara da yawa. Mai riƙe igiya, mai ɗaukar akwati. Wanne?"

Na ce, "Yayan wannan," na nuna Hadiyya.

Sai ya daina dariya. Ya ce, "Maijidda, takarda ba ta taɓa shigowa rugar nan da alheri ba. Duk wadda aka dangwala, haraji ne ya biyo bayanta. Yau kin zo kina so in sa yatsana, mutanen nan su sa nasu, a kan mutumin da ke kanki kin kasa faɗin sunansa. In wani abin kunya ya yi a can, ki gaya mini. In kuwa abin kirki ya yi, ke za ki fara faɗa, mu bi bayanki. Ba zan riga uwa shaida ba."

Na dubi Hadiyya, ta sunkuyar da kai. Na dubi mazan nan, yawancinsu sun san uwata. Na ji kamar an cire mini mayafi a tsakiyar kasuwa. Babu wanda ya taimake ni.

Sannan na faɗa. Na faɗi sunan, da na mahaifinka a haɗe, yadda na bayan ma za su ji. Ba sai na maimaita a takarda ba. Na ce ɗana ne, ɗan farina. Na ce ya yi shekara huɗu yana haɗa katin nan, har ya rame kamar kara. Na ce na ga ya kwana uku da zazzaɓi ya tashi ya hau bayan babur ɗin ubansa saboda an ce cuta ta shiga garken Taura. Na ce ban san wani da ya yi irin wannan aikin ba a ƙasar nan. Na faɗi abubuwa da yawa. Hadiyya ta ce na yi kusan minti goma, ni ina ganin ƙari ta yi.

Ardo ya ce, "To, yanzu na gane yaron." Ya ce Hadiyya ta rubuta. Ya ce katinka ya nuna shanu goma sha ɗaya masu cutar a garkensa, dukkansu suna cin ciyawa lafiya, har ya zage ka. Mahaifinka ya lallashe shi aka ware su. A shekarar, maƙwabcinsa da ya ƙi gwajin ya binne fiye da rabin garkensa, shi kuwa bai rasa ko ɗaya daga cikin sauran ba. Ka san Bafulatani ba ya faɗin yawan shanunsa a gaban mutane. Ranar ya faɗa, ya ce tunda na karya tawa, shi ma zai karya tasa. Maƙwabcin yana wurin, shi ya fara miƙo yatsa bayan Ardo. Sun kuma nuna mini wani farin bijimi da suke kira Dokta. Ya fi ka ƙiba nesa.

Washegari Ardo ya haɗa mu da ƙaninsa zuwa rugagen Taura. A can ma sai da na sake faɗa, sau uku. Na biyun ya fi na farkon sauƙi, abin da ya ba ni tsoro ke nan.

A ƙunshin za ka ga shaida tara da dangwalen yatsa. Ni na juya su zuwa Turanci, Hadiyya ta buga a tafireta, na je kotu na yi rantsuwa cewa fassarar daidai ce. Akwai wasiƙar babban likitan dabbobi, ya ce har yanzu da katinka suke aiki a ƙananan hukumomi shida. Akwai jaridu biyar, uku na Turanci biyu na Hausa, da kaset na hirar da aka yi da kai a rediyo a 1996, da fassararta. Cewa na yi Hadiyya tana hura gawayi da jaridar da ta samu a tsakar gida. Waɗannan a ƙasan akwatina suke, cikin zanen aurena.

Batun ranar kyauta kuma. Ka sa farar riga mai guntun hannu wadda ta yi maka yawa, ka yi tuntuɓe a matakala ta biyu. Akwai dalbejiya a bakin ƙofar makarantar, daga bayanta ana ganin komai.

Ka kula da sallarka. Kada abin nan ya shiga kanka.

Mahaifiyarka,
Maijidda

Ames, Amurka
12 ga Oktoba, 2000

Dada,

Assalamu alaikum. Yaya gwiwar? Ki je asibiti, don Allah, kada ki ce man zafi ya isa. Muna lafiya.

An amince. Takardar ta zo yau da safe, Radiyya ce ta buɗe, ta zauna a ƙasa a bakin ƙofa. Abin da ya rage cike-ciken takardu ne kawai. Aikin allurar zai ci gaba.

Ƙunshinki ya iso saura kwana huɗu wa'adin ya cika. Lauyata ta ce shekara goma sha takwas tana wannan aiki, ta ga wasiƙun manyan farfesoshi ba iyaka, amma ba ta taɓa aika wa hukuma dangwalen yatsa tara ba. Shaidar Ardo ta sa a sama, kafin ta farfesoshin. Ta tambaye ni wace ce mai fassarar, ta ce Turancinta ya fi na wasu lauyoyi tsabta. Na ce mahaifiyata ce.

Dada, na saurari kaset ɗin. Ina ganin kin ajiye rikoda ne a gaban rediyo, domin ana jin kaji. Ba ki kashe da wuri ba. Bayan an gama hirar, akwai muryar wata mata tana cewa, "Kin ji shi, Hadiyya? Ko gargada bai yi ba. Ubansa ma bai iya bayani haka ba." Wannan ɓangaren babu shi a fassararki, kuma kin yi rantsuwa. Ban gaya wa lauya ba. Na saurare shi sau da yawa.

Ki yafe mini takardar Yuli. Ki gaishe da Ardo, ki ce in na zo zan yi wa takwarana bijimi allurar farko da hannuna. Maza ashirin da garken shanu sun ji sunana a bakinki, ni kaɗai ne ban ji ba. Ba roƙo nake ba, faɗa kawai na yi.

Ɗanki,
Ikrima

Takur, Dutse
5 ga Nuwamba, 2000

Assalamu alaikum.

Alhamdu lillahi. Na yi sujada, gwiwar ta bari. An yi girbi, gero ya yi kyau. Ka gaishe da Radiyya, ka ce mata ba a zama a bakin ƙofa.

Batun kaset, rantsuwata a kan hirar rediyo ce, ba a kan maganar cikin gida ba. Mai tarbiyya in ya ji hira ta ƙare, kashewa yake.

Na aika wa Ardo. Ya aiko da ƙwaryar man shanu, da saƙon cewa Turawa sun yi jinkirin gane abin da bijiminsa ya sani tun tuni. Malam Ubaidullahi ya faɗi labarinka a aji, a gaban mata sittin. Na yunƙura zan tashi in fita kamar yadda aka saba, sai gwiwa ta ƙi. Na zauna na ji har ƙarshe. Jiya Asabar na gaya wa 'yan mata cewa wadda ta zo ta ɗaya ta rufe bakinta, amma waɗanda suka ga wahalar da ta sha su buɗe nasu.

Yanzu ka saurara. Katin nan da za su ba ka, izinin gama aiki ne, ba izinin mantuwa ba. Mutum tara sun sa yatsa saboda kai, ba su san Amurka ba, shanunsu suka sani. Ranar da allurar ta kammala, a rugar Ardo za a fara ganinta. Ba na son a ce na tsaya gaban maza na yi magana a banza.

Ka ce kai kaɗai ne ba ka ji ba. Takarda ba ta da murya, wannan sai ka zo. Amma ka juya ambulan ka dubi adireshin. Wannan karon Hadiyya ba ta taɓa shi ba.

Ikrima, ka yi aiki mai kyau. Da ubanka yana nan da ya ce Allah ne ya kiyaye, ya fita waje don kada ka ga fuskarsa. Ni na faɗa. Ka adana takardar nan da kyau, domin ba zan sake rubuta irinta ba.

Mahaifiyarka,
Maijidda